Doguwar Korona da Masu Daɗaɗɗun Cututtuka: Bayani ga Al'ummar Funtuwa, Malumfashi da Kewaye

Gabatarwa

A ranar 5 ga watan Mayu na shekarar 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cutar COVID-19, wadda jama'armu suka fi sani da korona, ta fita daga matsayin annobar gaggawa ta ƙasa da ƙasa. Tun kafin wannan sanarwa ma kasuwanninmu sun koma ci, makarantu sun buɗe, masallatai sun cika, takunkumin rufe baki da hanci kuma ya zama labari. To amma ɗage dokar gaggawa bai kori ƙwayar cutar daga duniya ba, haka kuma ba duk wanda ta kama ya tashi ne ya koma yadda yake a da ba. Akwai waɗanda zazzaɓi da tari suka sake su, amma gajiya da haki da mantuwa suka riƙe su na tsawon watanni, wasu ma har shekaru. Wannan larura ce muke kira doguwar korona.

Mun shirya wannan bayani ne musamman domin al'ummar kudancin Jihar Katsina, wato yankin Karaɗuwa, wanda ya ƙunshi ƙananan hukumomin Funtuwa, Malumfashi, Bakori, Ɗanja, Ƙafur, Ɗandume, Sabuwa, Faskari, Ƙanƙara, Musawa da Matazu. Wannan yanki shi ne rumbun jiharmu. Daga nan masara da dawa da auduga da waken suya da shinkafa da rake suke fita zuwa sassan ƙasar nan, kuma akasarin wannan aiki da ƙarfin jiki ake yin sa. Don haka duk larurar da ke rage wa mutum ƙarfi na tsawon watanni, to ta taɓa abincin gida kai tsaye. Manufarmu ita ce mu fayyace yadda daɗaɗɗun cututtuka irin su ciwon sukari da ciwon zuciya da asma suke ƙara haɗarin faɗawa cikin wannan larura, da kuma abin da ya kamata mai ɗauke da su ya yi.

Yadda Annobar Ta Ratsa Mu

An fara samun rahoton cutar ne a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019. Ta shigo Nijeriya ta Legas, inda aka tabbatar da mutum na farko a ranar 27 ga Fabrairu, 2020. A Jihar Katsina kuwa, a watan Afrilu na wannan shekara aka tabbatar da ita a garin Daura, a jikin wani likita da ya rasu, abin da ya sa gwamnatin Alhaji Aminu Bello Masari ta ɗauki matakan rufe garin da taƙaita zirga-zirga. A cikin wannan wata ne kuma aka yi ta samun yawaitar mace-macen dattawa a birnin Kano. Bayan bincike, Ministan Lafiya na wancan lokaci, Dokta Osagie Ehanire, ya bayyana a watan Yuni cewa daga cikin kusan mutum 1,000 da suka rasu, kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na da alaƙa da korona, kuma cutar ta tarar da su ne da wasu cututtukan da suke fama da su tun farko.

Adadin waɗanda gwaji ya tabbatar sun kamu a Nijeriya baki ɗaya ya tsaya a wajen mutum 267,000, na Jihar Katsina kuma bai kai 3,000 ba. Sai dai waɗannan alƙaluma na waɗanda aka yi wa gwaji ne kaɗai. A watan Afrilu na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da cewa binciken jini ya nuna kusan kashi biyu bisa uku na mutanen Afirka sun riga sun haɗu da ƙwayar cutar ya zuwa watan Satumba na 2021, kuma ainihin waɗanda suka kamu sun ninka waɗanda aka rubuta kusan sau ɗari. Ma'anar wannan a wurinmu ita ce, da yawa daga cikinmu mun yi korona a gida, mun ɗauke ta a matsayin mura mai zafi ko zazzaɓin cizon sauro, mun sha magani mun tashi. Saboda haka rashin takardar gwaji ba hujja ba ce ta cewa mutum bai taɓa kamuwa ba.

Mece Ce Doguwar Korona?

A ranar 6 ga Oktoba, 2021, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'anar wannan larura. Sharuɗɗanta uku ne. Na farko, mutum ya kamu da korona, ko an tabbatar da gwaji ko kuma alamu sun nuna haka. Na biyu, alamomin rashin lafiya su kasance tare da shi bayan kimanin wata uku da kamuwar, kuma su ɗauki aƙalla wata biyu. Na uku, ya zama babu wata cuta daban da za ta iya zama sanadinsu.

Alamomin da aka fi gani su ne:

1. Gajiya mai tsanani wadda barci da hutu ba sa kawar da ita.
2. Haki ko ƙarancin numfashi bayan ɗan ƙaramin motsi, kamar tafiya masallaci ko jan guga a rijiya.
3. Mantuwa da rikicewar tunani, har ɗan kasuwa ya riƙa kuskure a lissafin da ya saba yi da ka.
4. Bugun zuciya da sauri, da jiri idan an miƙe tsaye.
5. Ciwon kai, ciwon gaɓoɓi, ciwon ƙirji da rashin barci.
6. Daina jin ƙamshi ko ɗanɗanon abinci, ko kuma jin su a sauye.

Akwai wata alama da ya kamata manoma su lura da ita ƙwarai. Mai wannan larura kan ji sauƙi yau, ya fita ya yi aiki, sai bayan kwana ɗaya ko biyu jikinsa ya mutu gaba ɗaya, ya kwanta na kwanaki. Wannan jinkiri tsakanin aikin da kwanciyar shi ke sa mutane ba sa gane cewa aikin ne ya jawo.

Wani babban nazari da aka wallafa a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka a watan Oktoba na 2022 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 6 cikin kowane 100 da suka yi korona mai alamu suna samun wannan larura, kuma daga cikinsu kimanin 15 cikin 100 ba su rabu da ita ba har bayan shekara guda. A nan gida Nijeriya, likitoci a Jihar Legas sun bibiyi mutum 274 da aka sallama daga cibiyoyin killacewa, suka wallafa a 2021 cewa kimanin kashi 41 cikin 100 na da sauran alamu a makonnin farko bayan sallama, musamman saurin gajiya da ciwon kai da ciwon ƙirji. Albishir a nan shi ne, akasarin masu larurar suna samun sauƙi a hankali a hankali.

Su Wa Suka Fi Shiga Haɗari?

Doguwar korona na iya samun kowa, har matashi mai ƙarfi wanda cutar ba ta kwantar ba. Duk da haka, bincike ya nuna cewa haɗarin ya fi yawa a wurin wasu. A shekarar 2023 masana daga Jami'ar East Anglia da ke Ingila suka tattara nazarce-nazarce 41 da suka ƙunshi mutum fiye da 860,000. Sakamakon ya nuna cewa haɗarin ya fi yawa ga mata, da waɗanda suka haura shekara 40, da masu ƙiba, da masu shan taba. Ya kuma fi yawa ga masu ciwon sukari, masu asma, masu daɗaɗɗen ciwon toshewar hanyoyin numfashi, masu ciwon jijiyoyin zuciya, masu raunin garkuwar jiki, da masu fama da ciwon damuwa ko fargaba. Waɗanda cutar ta kai su ga kwanciya a asibiti kuwa, haɗarinsu ya ninka na sauran fiye da sau biyu. A ɗaya ɓangaren, waɗanda suka karɓi allurar rigakafi sau biyu kafin su kamu, haɗarinsu ya ragu da kimanin kashi 40 cikin 100.

Ya kamata a fahimci wannan bayani da kyau. Ƙarin haɗari ba hukunci ba ne. Mafi yawan masu ciwon sukari ko asma da suka yi korona sun warke sarai. Abin da ake nufi shi ne, idan aka ɗauki taron masu waɗannan cututtuka aka gwama da taron marasa su, za a fi samun masu doguwar korona a taron farko.

Dalilin da Ya Sa Tsohuwar Cuta Ke Buɗe Ƙofa

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta hanyoyi uku daɗaɗɗiyar cuta ke tsaga bangon jiki.

Hanya ta farko ita ce tsananin ciwon tun a farko. Mai ciwon sukari ko ciwon zuciya ya fi saurin kaiwa ga ciwon huhu mai tsanani idan korona ta kama shi, kuma kamar yadda muka gani, tsananin farko shi ne babban abin da ke jawo doguwar jinya.

Hanya ta biyu ita ce jijiyoyin jini. Ƙwayar korona ba a huhu kaɗai take ɓarna ba, tana kuma raunata shimfiɗar da ke cikin jijiyoyin jini tare da ƙara wa jini saurin daskarewa. Waɗannan jijiyoyi su ne dai sukari da hawan jini suka shafe shekaru suna lalatawa. Idan sabuwar ɓarna ta hau kan tsohuwa, iskar da jini ke kai wa tsoka da ƙwaƙwalwa sai ta ragu, gajiya da haki su biyo baya.

Hanya ta uku ita ce garkuwar jiki. Idan garkuwa ta yi rauni, jiki kan daɗe bai gama kawar da ƙwayar cutar ba. Wani lokaci kuma garkuwar ce ke rikicewa ta ci gaba da faɗa bayan an gama yaƙi, har ta riƙa taɓa sassan jikin mai ita. Wani bincike da aka yi a birnin Seattle na Amurka, aka wallafa a farkon 2022, ya sanya ciwon sukari nau'i na biyu cikin abubuwa huɗu da ke nuna tun da wuri cewa mutum na iya faɗawa cikin doguwar korona.

Cututtukan da Suka Fi Shafar Yankinmu

Ciwon sukari. Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya kimanin miliyan 3.6 ne ke ɗauke da shi a Nijeriya, kuma da yawa ba su sani ba. A da ana ganin ciwon na mutanen birni ne, amma yanzu ya shiga ƙauyuka, tare da yawaitar lemon kwalba da shayi mai sukari da hawa babur zuwa inda a da ake zuwa a ƙasa. Alaƙarsa da korona ta ɓangare biyu ce. Yana ƙara haɗarin doguwar jinya, ita kuma korona tana iya rikita sukarin da ya daidaita, ko ma ta fito da shi ga wanda ba shi da shi. Wani nazari a kan tsofaffin sojojin Amurka da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa waɗanda suka yi korona sun fi sauran samun sabon ciwon sukari da kimanin kashi 40 cikin 100 a cikin shekara guda. Duk wanda ya ga yawan fitsari da ƙishirwa da rama bayan zazzaɓi, to ya je a auna shi.

Hawan jini da ciwon zuciya. Kimanin mutum uku cikin kowane manya goma a ƙasar nan na da hawan jini, kuma mafi yawansu ba su san da shi ba, domin ba ya nuna alama sai ya yi ɓarna. Shi ne ke kai mutane ga kumburin zuciya da ciwon ƙoda da shanyewar ɓarin jiki. A yankinmu akwai wani ciwon zuciya da ya daɗe da mu, wato gazawar zuciya da ke samun mata a lokacin jego. Tun a shekarun 1970 Farfesa Eldryd Parry da abokan aikinsa na Jami'ar Ahmadu Bello suka rubuta yawaitarsa a ƙasar Zariya da Malumfashi, suka danganta shi da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wuta a ƙarƙashinsa, da shan kunun kanwa. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Musa Karaye ya jagoranta daga Kano ya ƙara haske a kan rawar da talauci da ƙarancin wasu sinadaran abinci ke takawa. Matar da ta taɓa yin kumburin ƙafa da haki bayan haihuwa tana cikin waɗanda ya wajaba su yi hattara da duk wani zazzaɓi mai tari.

Cututtukan huhu. Huhun mutanen wannan yanki yana shan ƙura fiye da kima. Akwai ƙurar auduga a gidajen gurza da masaƙa, sana'ar da aka san Funtuwa da Malumfashi da ita tun zamanin Turawa, kuma likitoci sun daɗe da sanin cewa shaƙar wannan ƙura na shekaru na jawo matsewar ƙirji. Akwai ƙaiƙayin sussuka da shiƙa a lokacin kaka, da ƙurar injin casar masara, da ta 'yan dako a manyan kasuwannin hatsi irin na Ɗandume da Bakori. Akwai hayaƙin itace da kara da iyayenmu mata ke shaƙa kullum a madafi, da na masu dafa mazarƙwaila a ƙasar Ɗanja. A kan wannan duka ga hazon hunturu. Waɗannan su ne ke tayar da asma, su kuma haifar da daɗaɗɗen tari da toshewar numfashi ko ga wanda bai taɓa shan taba ba. Haka nan wanda ya taɓa yin tarin fuka, wato tibi, ko da ya warke, sau da yawa akan bar shi da tabo a huhu, don haka numfashinsa ba shi da rara idan wata cuta ta zo.

Raunin garkuwar jiki. Wannan ya haɗa da masu cuta mai karya garkuwar jiki, musamman waɗanda suka yanke shan magani, da masu jinyar daji, da waɗanda suka daɗe suna shan magunguna irin su dexamethasone da prednisolone. Masu amosanin jini, wato sikila, su ma suna buƙatar kulawa ta musamman, domin korona kan tayar musu da ciwo ta kuma taɓa ƙirjinsu.

Ciwon damuwa. Jama'ar wasu ƙananan hukumominmu sun sha fama da matsalar tsaro, wasu sun rasa 'yan'uwa, wasu sun bar gonakinsu da gidajensu. Damuwa da fargaba da rashin barci da ke biyo bayan irin wannan jarrabawa cuta ce ta gaskiya da ake yi wa magani, kuma tana cikin abubuwan da bincike ya nuna suna ƙara haɗarin doguwar korona. Wannan ba ya nufin mai larurar raya wa kansa ciwon yake yi. Jiki da zuciya gida ɗaya suke, abin da ya taɓa ɗaya ya taɓa ɗaya.

Ba Kowace Gajiya Ce Doguwar Korona Ba

Har yanzu babu wani gwaji guda na jini ko hoto da ke tabbatar da doguwar korona. Likita yana kaiwa gare ta ne bayan ya saurari tarihin ciwon ya kuma kawar da sauran cututtuka. Wannan mataki yana da muhimmanci ƙwarai a wurinmu, domin cututtukan da ke kama da ita suna da yawa, kuma galibinsu suna da magani: zazzaɓin cizon sauro, ƙarancin jini, tsutsar ciki, ciwon hanta, ciwon ƙoda, gazawar zuciya da tarin fuka. Duk tarin da ya kai mako biyu, musamman idan akwai rama da gumin dare, to a kai majina a gwada. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma akan sha maganin na wata shida ba tare da yankewa ba.

Kuskure iri biyu ne muke jan hankali a kansu. Na farko shi ne a ɗora wa korona kowane ciwo, har a bar cuta mai magani ta yi nisa. Na biyu shi ne a ƙaryata mara lafiya don gwaji bai nuna komai ba, a kira shi rago, ko a ce sammu ne ko iska, a kashe kuɗin taki wajen neman maganin abin da ba shi ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da Ya Kamata Mu Yi

1. Mu san matsayin lafiyarmu. Duk wanda ya kai shekara 40 ya auna jininsa da sukarinsa aƙalla sau ɗaya a shekara. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 ko fiye, a ranaku daban-daban, hawan jini ne. Awon sukari kafin karin kumallo da ya kai 126 a ma'aunin miligiram, ko 7 a ma'aunin milimol, yana buƙatar ganin likita.

2. Kada a yanke magani. Hawan jini da sukari ba a gama maganinsu kamar na zazzaɓi. Jin sauƙi alama ce ta cewa maganin na aiki. Mun san damina lokaci ne na ƙarancin kuɗi da lalacewar hanyoyi, don haka muna ba da shawarar a ware kuɗin magani tun da kaka, a lokacin da ake sayar da amfanin gona, kamar yadda ake ware na iri da taki. Mai sukari da ke son yin azumi ya nemi shawarar likita tun a watan Sha'aban.

3. A rage gishiri da dunƙule da kanwa. Gishirin da babba ke buƙata a yini bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, wato giram 5, har da wanda ke cikin miya.

4. A kare huhu. A rufe baki da hanci a wurin sussuka da gurza da feshi, a yi girki a wuri mai iska, a bar taba da shisha.

5. A guji haɗe-haɗen ƙwayoyin da ake sayarwa da sunan maganin gajiya. Sau da yawa a cikinsu akwai masu kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen, waɗanda yawan shansu ke lalata ƙoda da ciki, da kuma dexamethasone mai tayar da sukari da hawan jini. Ƙarin ruwa da allurai barkatai ba sa maganin doguwar korona.

6. A nemi rigakafi. Alluran korona sun iso Nijeriya ne a ranar 2 ga Maris, 2021. A shawarar da masanan Hukumar Lafiya ta Duniya suka bayar a 2023, tsofaffi da masu daɗaɗɗun cututtuka da masu raunin garkuwa da masu juna biyu da ma'aikatan lafiya ne ke sahun gaba. Mai irin waɗannan cututtuka ya tuntuɓi ma'aikacin lafiya a kan matsayinsa.

7. Mai daɗaɗɗiyar cuta da ya ji zazzaɓi da tari ya je asibiti da wuri, ya huta sosai, kada ya yi gaggawar komawa gona.

Ga wanda larurar ta riga ta same shi, babban magani shi ne auna ƙarfi. Mu ɗauki misalin manomin da ya saba yin huɗa tun daga asuba har azahar. Idan ya tashi daga jinya, ya fara da abin da zai iya yi ba tare da ya kwanta washegari ba, ko da rabin sa'a ne da sanyin safiya. Ya tsaya ya huta tun kafin ya gaji. Idan ya yi mako guda a haka lafiya, sai ya ƙara kaɗan. Idan jiki ya mutu, ya koma matakin baya. Aikin da ya fi ƙarfinsa, kamar ɗaukar buhu ko goya tankin feshi, ya bar wa wani. Haka ita ma uwargida, a ɗauke mata daka da ɗiban ruwa har ta murmure. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Akwai alamomin da ba a jira da su: ciwon ƙirji mai tsanani, haki ko ana zaune, tarin jini, kumburin ƙafa ɗaya mai zafi, suma, karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa. Da zarar an ga ɗaya daga cikinsu, a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.

Inda Za a Nemi Taimako

Matakin farko shi ne cibiyar kula da lafiya a matakin farko ta mazaɓa, inda ake awon jini da gwajin zazzaɓin cizon sauro, a kuma tura mara lafiya gaba idan akwai buƙata. Daga nan sai manyan asibitoci, irin su Babban Asibitin Funtuwa da Babban Asibitin Malumfashi. Masu buƙatar ƙwararrun likitocin zuciya ko huhu ko ƙoda akan tura su Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a kan hanyar Funtuwa zuwa Zariya. Idan za a je, a tafi da katin asibiti da dukkan magungunan da ake sha, har da na gargajiya, a kuma faɗa wa likita lokacin da ciwon ya fara da irin aikin da ke tayar da shi. Muna kuma ƙarfafa wa jama'a gwiwa su nemi bayani a kan tsarin taimakekeniyar lafiya na jiha, domin jinyar daɗaɗɗiyar cuta ta fi sauƙi idan ba daga aljihu ake biya a kowane zuwa ba.

Kammalawa

Muna kira ga iyayenmu sarakuna, hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limamai da malamai, da shugabannin ƙungiyoyin manoma da na mata da na 'yan kasuwa, da su isar da wannan saƙo ga jama'arsu. Muna roƙon masu gida da su yi haƙuri da iyalinsu da jinya ta daɗe da su, masu ɗaukar 'yan ƙwadago kuma su sassauta wa wanda ya tashi daga ciwo. Al'adarmu ta gayya, inda maƙwabta ke taruwa su nome gonar wanda ya gaza, tana da babban amfani a nan, domin gonar da aka taimaka aka nome a kan kari ita ce za ta ciyar da gidan har mai shi ya miƙe.

Ko da korona ko babu ita, kula da hawan jini da sukari da asma riba ce ga mai yi, domin su ne ke raba magidanta da gonakinsu tun ƙarfinsu bai ƙare ba. Awo ba ya ɗaukar minti goma, kuma ya fi arha a kan kwana guda a gadon asibiti. Mu je a auna mu, mu kai iyayenmu a auna su, wanda aka ba magani kuma ya riƙe shi.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da jiharmu da ƙasarmu lafiya, amin.